Filin Aikin Hannu: Jirgin da Bai Taɓa Shan Ƙura Ba

 Makonnin baya mun nuna muku yadda ake haɗa kan jirgin ƙasa da taragu da kwali da gwangwanin madara da totuwar kara, kuma da alama da yawanku kun gwada, domin hotuna sun yi ta shigowa. Madalla da ku. Amma akwai wata wasiƙa da ta tsaya mana a rai, ita ce ma ta sa muka ɗage abin da muka shirya na wannan mako.

Wata ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare. Ta ce ita da ƙawayenta uku sun shafe kusan wata guda suna gina tashar jirgi a kan wani falankin katako, saboda baje-kolin ƙarshen zango na makarantarsu. Da kuɗin tararsu suka sayi fenti da gam. Da suka gama sai ta kira kawunta, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, don ya sa musu albarka. Dattijon ya zagaya falankin, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Ya yi kyau, 'yata. Sai dai jirgin nan naku bai taɓa zuwa ko'ina ba." Ta ce maganar ta yi mata ciwo, ba ta gane abin da yake nufi ba, kunya ta hana ta tambaya, ga shi saura kwana goma sha biyu a yi baje-kolin.

Mun duba hoton da ta aiko, kuma mun gane abin da kawu ya gani. Aikin ya yi tsaf, awo daidai, yanka daidai. Amma kan jirgin ja ne wur yana ɗaukar ido kamar sabon kwanon amarya, ƙafafunsa baƙi ƙirin, ciyawar gefen dogo kore shar iri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasar kuwa a shimfiɗe kamar tabarma. Mutumin da ya yi shekaru yana ganin jirage suna shigowa tasha bayan doguwar tafiya bai taɓa ganin irin wannan ba, sai dai ranar da aka sauke shi sabo.

Wannan matsala ba a kanku aka fara ta ba. A Turai da Amurka da Japan, gina ƙananan jiragen ƙasa sha'awa ce ta manya masu furfura, suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Ƙaramin dogon da ke cikinsa, in aka miƙe shi, ya haura kilomita 15, kuma duk bayan minti 15 ana rage hasken ɗakin, dare ya yi, fitilun ƙananan gidaje su kama. Amma wanda labarinsa ya fi shafar ɗalibarmu shi ne wani Ba'amurke mai sana'ar ɗaukar hoto, John Allen, mazaunin Monterey a jihar Kalifoniya. A zamanin da kusan kowa ke son jirginsa ya riƙa sheƙi, shi sai ya riƙa tsofar da nasa da gangan. A 1948 ya ci gasa da wani ɗan ginin ajiye kan jirgi wanda ya yi wa tabon hayaƙi da koɗewar fenti, ya ɗora masa tantabaru a kan rufi, har kashinsu bai manta ba. Daga baya ya cika ɗakin ƙasa na gidansa da tsaunuka da gadoji. Ya rasu a watan Janairu na 1973, kwana goma bayan nan gobara ta cinye aikin. Hotunan da ya ɗauka ne suka rage, har yau ana koyo daga cikinsu.

Kafin mu taɓa fenti, mu ɗan yi lissafi, domin rabin kurakuran da muke gani daga nan suke fitowa. Sikelin da ya fi yawa a duniya shi ne wanda ake kira HO, wato kowane abu an rage shi sau 87. Faɗin sabon dogo, irin na Abuja zuwa Kaduna wanda ya fara aiki a 2016, milimita 1,435 ne. Ku raba da 87, za ku sami kusan 16.5, kuma wannan shi ne ainihin faɗin ƙaramin dogon da ake sayarwa na HO. Tsohon dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911, ya fi ƙanƙanta: milimita 1,067, a wannan sikeli kusan milimita 12 ke nan. Mutum mai tsawon mita 1.74 zai koma santimita 2. Ba dole ne ku yi aiki da 87 ba, in gwangwaninku ya ba ku 50 ku riƙe 50. Abin da ake so shi ne ku riƙe lamba ɗaya ku raba komai da ita: mutum, akuya, tsakuwa, har da tabon tsatsa. Tabon da bai fi tafin hannu ba a jikin jirgin gaske, a naku ɗigon bakin biro ne.

Ga wani abu da lissafin nan ke faɗa mana wanda ba kowa ke lura ba. In kun tsaya nisan mita ɗaya daga jirgin HO, tamkar kuna kallon na gaske ne daga mita 87, kusan tsawon filin ƙwallo. Ku tuna yadda mota ke bayyana daga wancan ƙarshen fili. Launinta ya dusashe, baƙi ya koma toka-toka, sheƙin ya ragu. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa shafa baƙi tsantsa ko fari tsantsa. Baƙinsu akwai ɗan fari da ruwan ƙasa a ciki, farinsu kuwa an ɗan kashe masa ƙarfi.

Yanzu babban aikin, kuma ba ya cin ko kwabo: ku je ku duba. Duk wani tabo da ke jikin jirgi akwai abin da ya kawo shi, kuma abin da ya kawo shi ne ke cewa ina zai zauna, wane launi ne, ta ina zai bi. Wanda ke da tasha kusa ya je da babba, ya tsaya inda fasinjoji ke tsayawa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Kada wanda ya hau kan dogo ko ya shiga tsakanin taragu, ko da jirgin a tsaye yake. Wanda garinsu babu jirgi kada ya ce an bar shi a baya: tsohuwar tirela a tashar mota, tankar mai, injin niƙa, rufin kwanon ajinku, duk rana ɗaya da ruwa ɗaya ke dukansu.

Ku fara duba ƙasa. Ƙura daga ƙasa take tashi, ƙafafu ne ke watso ta, don haka ta fi kauri a ƙafafu da gindin tarago, tana raguwa kaɗan-kaɗan yayin da ake hawa sama. Launinta launin ƙasar da jirgin ke ratsawa ne. Jirgin da ke bi ta jar ƙasa gindinsa ja-ja yake, wanda ke bi ta rairayi nasa fari-fari. Ƙurar hunturu kuwa daban take: daga sama take sauka, laushi gare ta kamar hoda, tana kwanciya a kan rufi da duk wani abu mai faɗi. Rana ita ma daga sama take ci, ta koɗar da rufi da kafaɗun tarago fiye da ƙasansa, kuma jan fenti na cikin masu saurin koɗewa. Ruwan sama yana wanke dattin rufi ya gangaro da shi, ya bar zane-zane a jiki, kuma zanen nan a miƙe yake daga sama zuwa ƙasa. Ku lura daga inda yake farawa: kan ƙusa, kusurwar taga, bakin rufi.

Tsatsa ce aka fi yi wa rashin adalci. Yara da zarar sun ji an ce a tsofar da jirgi sai su yaɓa masa ruwan lemo ko'ina. Malamin kimiyya ya gaya muku tsatsa na samuwa ne in ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da ruwa. To, in haka ne, ba ta da abin yi a inda fenti ke nan lafiya. Wurinta inda fenti ya ɓantare, inda kaya ke goga, inda ruwa ke kwanciya ya daɗe bai bushe ba. Kuma launinta ba ɗaya ba ne. Sabuwa ruwan lemo ce mai haske, tsohuwa ta yi duhu kamar ƙonannen suga, har ta kusa baƙi. A tabo ɗaya za ku ga tsakiyar ta yi duhu, gefen da haske, sannan ga siririn zane ya gangaro inda ruwa ya ja ta. Kan jirgin da ke aiki kullum ma bai cika tsatsa ba, domin ana kula da shi. Taragon kaya da aka yasar a gefen tasha shi ne abincinta.

Kan jirgi mai shan gas yana da baƙin hayaƙi a kan rufi kewaye da bututun, da jiƙaƙƙen tabon mai a jikin tankinsa. Tsohon kai mai tururi, wanda ke cin kwal, kunkunniya ce ke sauka a bayansa gaba ɗaya, sannan akwai fararen zane inda ruwa ke yoyo ya bushe, irin farin da kuke gani a cikin tsohuwar butar shayi. Wurare kaɗan ne aka yarda su yi sheƙi: inda mai ko giris ya zuba, ƙarfen da hannu ke kamawa, matakalar da ƙafa ke takawa, da kuma saman dogo inda ƙafafun jirgi ke gogewa. Gefen dogon kuwa tsatsa ce zalla.

Kada ku ɗauka mu ma mun fara da iyawa. Ranar da muka fara gwadawa, mun dama gawayi a cikin baƙin fenti muka bi wani tarago da muka shafe mako muna haɗawa, muka shafe shi tas. Wani ƙaninmu ya leƙo, ya tambaya da gaske ko gobara aka yi. Ba mu iya ceto taragon ba. Tun daga ranar muke ajiye wani gwangwani na banza a gefe, duk abin da za mu shafa sai mun fara gwadawa a jikinsa. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa ce wahala.

Ga yadda muke bi yanzu. Da farko a kashe sheƙi, domin shi ne ke fara tona asirin abin wasa, kuma garin launi ba ya kama jiki mai santsi. Masu hali suna fesa wani banish marar sheƙi. Mu kan bi jikin a hankali da samfefa mai laushi sosai, ko mu zuba 'yar hoda a cikin fentin kafin mu shafa. In da zaɓi, fentin ruwa ya fi fentin mai sauƙin sarrafawa, ba ya hawa kai, kuma ana wanke buroshi da ruwa.

Daga nan sai tsinkakken fenti. Ku ɗauki ɗan ruwan ƙasa da ɗigon baƙi ku tsinka da ruwa sosai, har ya koma kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Ku shafa a gefen tarago ku bar shi ya shiga lunguna da kewayen ƙusoshi da tsakanin katako, shi da kansa zai nemi inda datti ke taruwa. Kafin ya bushe, ku ɗauki buroshi mai ɗan danshi ku ja daga sama zuwa ƙasa, a miƙe, kamar yadda ruwan sama zai yi. Ku bari ya bushe sarai kafin ku yanke hukunci, domin jiƙaƙƙe ya fi duhu. In bai isa ba a ƙara na biyu. Don koɗewar rana haka za ku yi, amma da fari ko toka-toka, a kan rufi da sama-sama.

Kishiyar wannan ita ce dabarar busasshen buroshi. A tsoma bakin buroshi a fenti mai haske, a goge shi a jikin takarda har sai kun ce babu sauran komai, sannan a riƙa shafa shi sama-sama a kan gefuna da ƙusoshi da matakala. Ɗan abin da ya rage zai kama wuraren da suka taso kawai, sai siffar abin ta fito. Tsinkakken fenti ya duhunta ramuka, wannan ya haskaka tudu.

Tsatsa kuwa za ku iya yin ta gaske. Ku sami soson ƙarfe mai laushi na wanke tukunya, ko tsofaffin ƙusoshi, ku jiƙa da ruwan gishiri a cikin gwangwani ku ajiye kwana uku ko huɗu, ku shanya, ku murtsuke ya zama gari. Soson nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa ba zai yi ba, kada ku ɓata kwanakinku. Garin a ɗiga shi da tsinken ashana a kan ɗan digon gam, ko a dama da ruwa a ja siririn zane. Akwai kuma dabarar gishiri, wadda muke so ƙwarai don taragon kaya da rufin kwano: a fara shafa launin tsatsa ya bushe, a ɗan jiƙa wasu wurare a barbaɗa gishiri, in ya kame a bi da launin jiki a hankali ta hanyar dangwalawa da soso ko fesawa, in ya bushe a karkaɗe gishirin. Inda ya faɗi sai tsatsa ta leƙo, kamar fenti ne ya ɓantare da kansa.

Na ƙarshe shi ne gari. Ku kankare alli mai launi, gawayi, da busasshiyar jar ƙasa, kowanne a murfinsa. Da busasshen buroshi mai laushi ku ɗora ƙura a ƙafafu, gawayi a bakin bututun hayaƙi. Kada taragu biyu su fito iri ɗaya. A jerin taragu na gaske akwai wanda bai daɗe da fenti ba, akwai wanda ya ga jiya ya ga yau. Ku bar ɗaya kusan sabo, shi zai sa a ga tsufan sauran. In jirginku mai tafiya da lantarki ne ta dogo, ku goge saman dogon da ƙafafun tas bayan kun gama, in ba haka ba ba zai motsa ba, a gaban alƙalai kuwa.

Sai filin da jirgin ke ratsawa. Babu ƙasar da ke shimfiɗe kamar tebur, ko a Sahel. Dogo kansa a kan ɗan tudu yake don ruwa ya gangare, da kwata a gefe. Ku dunƙule tsofaffin jaridu ku yi tudu da kwari, ku rufe da yankakkiyar takarda da aka tsoma a farin gam na kafinta da aka tsinka, hawa uku ko huɗu. Mun san wasu za su ce sitaci ya fi araha. Gaskiya ne, amma kyankyasai da ɓeraye ma sun san haka. In ya bushe ku shafa fenti ruwan ƙasa tukuna, don ko an sami gurbi kada farar takarda ta leƙo.

A nan mun fi Turawa sa'a, su da kuɗi suke sayen ƙasa a leda. Ku ɗebo ta bayan aji, ku shanya ta bushe ƙayau, ku soya ta kaɗan a tsohon kasko don kashe ƙwari da irin ciyawa, sannan ku tankaɗe. Ku nemi tsohuwar rariya, kada wanda ya ɗauki ta tuwo ya ce mu muka aike shi. In jirginku na da mota a ciki, ku bi ƙasar da maganaɗisu, za ku yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne masa, wanda da cikin motar zai shige. Tsakuwar dogo ta gaske ba ta wuce santimita 5 ba galibi, ku raba da 87, kusan rabin milimita ke nan. Wato yashi mai ɗan gautsi, ba tsakuwa ba. Wannan kuskuren yana cikin hoton ɗalibarmu: duwatsun da ke tsakanin dogonta sun kai kan fasinjojinta girma.

Manna yashi yana da sirri. Ku zuba shi a bushe, ku gyara da buroshi yadda kuke so, sannan ku haɗa gam da ruwa rabi da rabi, ku ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya ko biyu, ku riƙa ɗigawa da sirinji marar allura. In babu sabulun, ruwan zai dunƙule a sama ya kwashe yashin ya yi ƙwallo da shi. Dalili kuwa shi ne saman ruwa yana da wata irin fata, wadda kuke ganin ƙananan ƙwari na tafiya a kanta a kududdufi, sabulu ne ke karya ta, sai ruwan ya nutse. Ku sani ƙasa na ƙara duhu in ta sha gam, don haka ku gauraya ta da ɗan toka ko garin farin alli tun farko.

Ciyawa, a wajen masu kayan aiki, ana yin ta ne da gajerun zaruruwa da wata na'ura mai cajinsu da lantarki, irin wanda ke sa matajin roba ya ɗauki guntun takarda in an goga shi a gashi, sai su faɗa kan gam a tsaye. Mu garin katako daga wajen kafinta ya ishe mu: a rina shi da tsinkakken fenti kashi uku, kore, rawaya-rawaya da ruwan ƙasa, a barbaɗa a cakuɗe, a bar wasu wurare ƙasa tsirara. Doguwar ciyawa irin gamba kuwa, a warware igiyar rama a yanka guntu-guntu a dasa tsibi-tsibi. Bishiya a murɗa wayoyin tagulla na tsohon kebul su zama gangar jiki, a ware ƙarshensu su zama rassa, a lulluɓe da takarda da gam, ganye kuma a marmasa tsohon soson katifa a rina.

Amma kafin ku dasa ko ɗaya, ku zauna ku amsa tambaya biyu: wane lokaci ne na shekara, kuma wace shekara ce? In rani kuka zaɓa, kuka ba ta da ganye, ciyawa ta bushe, gona sai kututturen kara, sararin sama fari-fari. In damina ce, ga tarkon da zai kama wanda bai duba ba: gawo da damina yake zubar da ganyensa, da rani yake kore. Duk manomin da ya zo baje-kolin ya ga gawo shar a tsakiyar gero mai kai, zai yi irin shirun da kawu ya yi. Shekara ma haka. In tashar zamanin kakanninku kuke ginawa, babu ledar ruwa a gefen dogo, babu dogon ƙarfen sabis na waya. In ta yau ce, to, rashin ledar ma ƙarya ce, sai dai a yi haƙuri. Ku sa 'yar hanyar da ƙafa ta fitar inda mutane ke yanke, da suri a gindin bishiya, da baƙin tabon mai tsakanin dogo a daidai inda kan jirgi ke tsayawa. A bayan falankin ku kafa kwali mai launin sama, ya fi haske a ƙasa-ƙasa, kuma abin da ke can baya ku yi shi ƙarami da dusasshen launi, sai ido ya ga nisa inda babu.

Akwai wani dalili da ya sa muke son ku ɗauki wannan duba da muhimmanci. Wani mutumin Ostareliya, Roye England, ya zo Ingila a shekarun 1920 ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa ana rushe su ko ana sauya musu kama. Sai ya shiga auna su, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launinsu, yana gina su ƙanana. Daga nan aka sami gidan tarihi na Pendon a 1954, a ƙauyen Long Wittenham, inda har yau ake zuwa kallon karkarar Ingila ta shekarun 1930 da jiragenta. Mu ma muna da abin da ya ɓace. Dalar gyada ta Kano, buhu a kan buhu ana jiran jirgi ya kwashe zuwa Ikko, yanzu sai a hoto, hotunan ma da yawa baƙi da fari ne. Wane launi buhunan suke in sun sha rana? Yaya taragun suke? Waɗanda suka gani da idonsu suna nan a gidajenku, amma suna raguwa. Buhu ɗaya a sikelin HO bai fi ƙwayar wake ba. Ku mulmula da yumɓu, kada ku sa waken gaske, ƙwari za su riga alƙalai zuwa.

To, 'yar'uwa mai wasiƙa, kwana goma sha biyu sun isa in ba a yi wasa ba. Yau ɗin nan ku jiƙa soson ƙarfenku ku shanya ƙasa, domin su ne masu cin lokaci. Kwana biyu na farko na kallo ne da gwaji a jikin gwangwanin banza. Ku cire manyan duwatsun nan ku zuba yashi. Ku fara da taragon da ba ku fi so ba, kan jirgin ya zama na ƙarshe, lokacin hannu ya faɗa. Ku tsayar da duk wani aikin gam kwana uku kafin ranar, don ya bushe. Sannan ki koma wajen kawu, ki gaishe shi, ki miƙa masa fensir, ki roƙe shi ya nuna miki daidai inda mai ke zuba a jikin kan jirgin da ya sani, da inda fenti ke fara ɓantarewa. Ki tafi da littafi, don muna zaton hirar za ta yi tsawo.

Ku aiko mana da hoton kafin da na bayan. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki gada da yadda ake yin ruwan kogi da ba ya zuba.